Gwiwar Tsinke

Makarantar kwana ta maza da ke ƙarshen layin ba ta taɓa cin kofi da ƙafa ba. Da goshi take ci. Shugaban makarantar ne ya gano haka bayan dogon nazari, ya sa aka rubuta da koren fenti a bangon ɗakin cin abinci, saman famfunan wanke hannu, inda ko yaron da ya tsani karatu sai ya karanta. Sauran makarantu suna da fili mai laushi da likita da madarar safe. Wannan kuwa tana da sahun gaba.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Duk yaron da ke ƙungiyar wasanni, sahun gaba ne wurinsa a masallacin makaranta, daidai bayan Liman, inda Shugaba zai iya ganinsa ta wutsiyar ido. Da aka sallami nas ɗin makarantar aka mayar da ɗakin shan magani ɗakin ajiye kofuna, sai Shugaba ya ƙara wa tsarin wani sashe. Wanda ya iya tsayuwa da ruku'u da sujada, lafiyarsa ƙalau, zai yi wasa. Wanda ya yi salla a zaune mara lafiya ne, ya koma sahun baya, ya fita daga ƙungiya. Liman ya taɓa cewa a taron malamai ba don awon lafiya aka wajabta salla ba, kuma addini ya ba mai ciwo damar ya zauna abinsa. Shugaba ya ce ai shi ma bai hana kowa zama ba. Aka tashi a kan an fahimci juna.

A sahun gaban nan akwai wani siririn yaro mai gudun dogon zango, ana kiransa Tsinke. Iyayensa sun rasu, yayansa mai walda ne ya raine shi, kuma shagon waldar ba zai iya ɗaukar nauyin ko zangon karatu ɗaya a nan ba. Saboda ƙafarsa aka ba shi gado da kabad da kujera a aji, kyauta. Ranar da ya bar ƙungiya, ranar zai bar su duka. Ba wanda ya taɓa faɗa masa haka baki da baki, don ba a bukata. Saura masa shekara guda ya zana jarrabawar fita.

Ana gab da gasar makarantu, yana atisaye da yamma, ƙafarsa ta faɗa ramin da fashewar famfo ta bari a bayan fili. Ya ji wani abu ya ce ɗas a cikin gwiwa. Koci, tsohon ɗan tsere da yanzu usur ɗinsa ke kwanciya a kan tumbi, ya durƙusa ya danna wurin da babban yatsa.

“Nan ne?”

“Ba komai, Koci.”

“Ba komai kake neman yaga mini riga? Sake ni.” Ya miƙe yana kaɗe wando. “Ka dai san yadda abin yake. Ni ba likita ba ne. In ka zauna a masallaci, hannuna ya fita. In ka tsaya, nan ma hannuna ya fita.”

Kafin magariba gwiwar ta kumbura. A ɗakin kwana, abokinsa Bokiti, wani ƙato mai jifan dalma, ya leƙo daga gadon sama ya dube ta.

“Kai Tsinke, wannan gwiwa ce ko ƙwallon da muka ɓatar?”

“Rufe min baki, uban ci.”

“Ni dai na ga tsinke ya tsire kabewa. Ka zauna kawai, mutumina. Kujerar roba ba ta cizo.”

“In zauna in tafi ina? Shagon Yaya? Kai za ka rubuta mini jarrabawar?”

Da aka tayar da salla, Bokiti ya ture wani mai tsallen badake ya tsaya a gefen hagun Tsinke, kafaɗa da kafaɗa. In an tafi sujada sai ya ɗan rage masa nauyi, in an taso sai ya tura kafaɗarsa ƙarƙashin tasa ya ɗago shi. Daga gefen dama abin ya yi kama da daidaita sahu, wanda Shugaba ke matuƙar so.

Abin da Bokiti ya kasa ɗauke masa shi ne lanƙwasawar. Duk lokacin da gwiwar ta taɓa darduma, sai hawaye su zubo wa Tsinke, ba sauti, ya cije leɓe har a yi sallama. Bayan 'yan kwanaki Shugaba ya lura da jiƙaƙƙen wuri a kan darduma, ya lura da jajayen idanu, ya kuma fahimci abin nan take, kamar yadda ya saba fahimtar abubuwa.

“A cikinku akwai yaron da ke kuka a sujada,” ya ce a taron safe. “Ba zan faɗi sunansa ba. Tsinke, ɗaga hannunka. Wannan shi ne abin da nake faɗa muku kullum. Wasu na can suna shan madara, mu ga abin da muke da shi.”

Aka tafa. A makon nan man zafi ya ƙare a kantin makaranta, don ƙananan yara sun gano cewa in aka ɗan shafa a ƙasan ido kafin alwala ta bushe, ana samun irin wannan tsoron Allah cikin minti ɗaya.

Liman bai tafa ba. Bayan azahar ya tsayar da Tsinke a bakin ƙofa, wajen takalma.

“Ɗana, a bayana kake tsayawa, ina jin numfashinka. Ka zauna. Wallahi Allah zai karɓa.”

“Na sani, Malam. Allah zai karɓa. Shugaba fa?”

Daga nan Liman ya wuce ofishin Shugaba da niyyar ya yi magana mai nauyi. Aka ba shi shayi. Aka yi zancen rufin masallaci da ke yoyo, da zafin da ake sha a sahun baya, da gidan da makaranta ta ba shi yake zaune da iyalinsa, wanda Shugaba ya ambata don kawai ya ji ko ana jin daɗinsa. Liman ya fito da alƙawarin sababbin fankoki.

Ranar gasa Koci ya naɗe gwiwar da bandeji har ta daina kama da gwiwa, ya ba shi ƙwayoyi ya haɗiya da ruwan roba. Makarantar na biye da wata da maki kaɗan, kuma gudun dogon zango ne na ƙarshe. Ko na uku ya zo, kofi ya samu. Tsinke ya yi zagayen farko lafiya. A tsakiya ya fara jan ƙafar. A zagayen ƙarshe abin da yake yi ba gudu ba ne, wani irin tsalle ne da faɗuwa da ba ta kai ƙasa ba, bakinsa a buɗe. Ya zo na uku, ya zube bayan layi.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Shugaba na tsakiya da kofi, yara sun yi sujadar godiya a kan ciyawa. Can gefe ana ganin Tsinke kife da fuskarsa a ƙasa, kuma duk wanda ya kalli hoton ya ɗauka shi ma cikinsu yake.

A asibiti likita ya ce jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Ya ce da tun farko aka huta mata, da ta haɗe da kanta. Tafiya zai yi, da ɗingishi. Gudu kuma ya wuce. Aka dawo da shi makaranta, aka laluba bayan kabad ɗin kofuna aka samo wata tsohuwar sandar dogarawa da nas ta bari, da tambarin makaranta a jiki.

Da azahar ya ja kujerar roba ya zauna a sahun baya, ƙarƙashin sabuwar fanka. Shugaba ya waiwaya, ya ga giɓi kusa da Bokiti, ya yafito mai tsallen badake ya cike.

Yaya ya zo bayan an aika masa. Ya rufe shago ya taho da rigarsa mai ƙananan hudojin tartsatsi, idanunsa jajaye irin na masu walda. Ya ƙi zama a kujerar ofis.

“Ba korarsa muka yi ba,” Shugaba ya ce. “Ina so ka gane wannan. Tsari ne. Gadon na ɗan ƙungiya ne, shi kuma da kansa ya zauna.”

“Haka ne, Yallaɓai. To jarrabawar fa?”

“Ƙofarmu a buɗe take ga duk mai hali. Zo ka ga abin da ƙaninka ya samo mana. Taɓa mana, kada ka ji komai.”

Yaya ya goge hannunsa a wando, ya taɓa kofin da yatsa ɗaya, ya ce masha Allah.

Bokiti ya rako su da akwati har bakin get, inda doka ta tsayar da shi. Ya ajiye akwatin ya juya. Maigadi ya fito daga ɗakinsa yana sosa ƙeya.

“Ku yi haƙuri, sandar nan ta makaranta ce. An ce in karɓa.”

Tsinke ya miƙa masa, ya dafa ƙarfen get ɗin da ƙafa ɗaya. Yaya ya ɗaure akwatin da igiya ya rataya a wuya ta gaba, sannan ya juya masa baya ya durƙusa.

“Hau.”

“Yaya, ana kallonmu.”

“Su kalla. Da can wa ke goya ka? Hau, ƙafata ta fara sanyi.”

A bayansu aka fara kiran la'asar.

“Ma yi a shago,” Yaya ya ce. “Akwai benci.”

Ya gyara goyon, ya bi gefen titi zuwa inda ake samun mota, yana auna a ransa tsawon fayif ɗin ƙarfen da zai yanka ya yi masa sanda, daga hammata zuwa ƙasa.