Sawu a Kan Ƙanƙara

Tun ranar da mijina Ntate Motlatsi ya ɓata da maƙwabcinmu Ntate Sekhonyana a kan dara, ni ce na shiga uku. Mu a nan, Ntate ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Mme. Da can, gari na wayewa zai yafa bargonsa su haɗu a katangar lambu, ni kuwa in zauna bakin murhu da shayina da saƙata, ba mai ce min kanzil. Da suka daina ga maciji, sai ya dawo ɗaka ya tare a kaina.

"Mme Mapaballo, wannan hular ta mutum ce ko ta tukunya?"

"Ta mai yawan magana ce, Ntate. Za ta rufe har baki."

Ya warware min zare, ya koya min hura wutar da nake hurawa tun kafin ya yi gemu. Wallahi na kusa haɗa kayana in tafi wajen 'yata a Maseru.

Sai na yi dabara. Da sassafe na lallaɓa katangar, inda zanen dararsu yake a kan faffaɗan dutse, na jera tsakuwa, waɗanda mu a nan shanu muke ce musu. Motlatsi ya gani, ya ɗauka Sekhonyana ne ya sauko. Sekhonyana ya gani, shi ma ya ɗauka haka. Kowa sai ya faki idon ɗan'uwansa, ya je ya tsaya yana nazari, ya tura saniya ɗaya ya gudu. Ba gaisuwa, amma na samu ɗan sarari.

Matsalar ita ce mijina bai iya dara ba, baki kawai gare shi. Na san in aka cinye shi zai yi zuciya ya dawo min ɗaka har abada. Don haka kullum kafin ya tashi nake zuwa in mayar masa da shanun da aka ci, in ya yi ƙarfi da yawa in ƙara wa Sekhonyana. Wasa ya ƙi ƙarewa, abin da nake so ke nan.

Ana cikin haka ƙanƙarar farko ta sauka a watan Yuni, lokacin hunturunmu a nan. Na buɗe ƙofa na ga lambu ya yi fari fat, kabeji ya yi furfura, ruwan bokiti ya daskare, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Ina son irin wannan safiyar har raina. Na zaga wajen alayyafo, na hura tururin bakina kamar yarinya, na gyara darar, na koma na ɗora shayi. Ko waiwaye ban yi ba.

Ban ƙare layi ɗaya na saƙa ba na ji ihu.

"Sekhonyana! Fito, ɓarawon shanu!"

"Wa kake kira ɓarawo, tsohon banza? Ni da kullum nake cin saniyarka ta dawo da rai?"

"Tausayina kake ji ke nan? Ni?"

"Tausayin me? Dubi ƙasa mana! Ka ga sawuna a ɓangaren nan?"

Na leƙa ta taga. Tsofaffi biyu cikin barguna, sun sunkuya, suna bin sawu baƙi ƙirin a kan farar ƙanƙara. Suka bi shi wajen alayyafo, suka zaga kabeji, har inda na ɗan yi juyi don daɗi, suka dire a ƙofar kicin ɗina. Na ce shi ke nan, zai watsar da tsakuwar ya dawo min da warwarar zare.

"Mme," in ji Sekhonyana, ya ɗan rusuna, "ke ce kike kiwon shanunmu?"

"Na ga ba su da makiyayi ne, Ntate."

"Ka ji ko?" Motlatsi ya ce masa. "Da tuni na cinye ka."

"Kai? Ai matarka ce ta riƙe ka kamar wando mara zariya."

"To mu je yanzu, a gaban ido! Kuma daga yau ba mai barin wajen dutsen nan, tunda akwai ɓarayi a gida."

Ya shiga ya ɗauki kujeru biyu. Biyu fa. Da zai wuce ni bai kalle ni ba, sai dai ya zari hular nan da ya ce ta tukunya ce, ya ba Sekhonyana, wai kansa ba gashi, kar sanyi ya kashe shi kafin a cinye shi.

Na koma bakin murhu. Rana ta fara narkar da sawuna, muryoyinsu na tashi can nesa, daidai nisan da nake so. Na ɗauko sabon zare na fara wata hular, don shi ma nawa tsohon kansa ba gashi.