Ƙotar Wuƙar Inna

Babanmu sa wa wuƙa ƙota ne sana'arsa. Masu zubin ƙarfe kan kawo masa ruwan wuƙaƙe a buhu, baƙaƙe ƙirin, duk kaushi. Shi zai goge su da magagari, ya wasa, ya huda gindin, ya sa musu mariƙi na itace. Yana da wata ɗabi'a da ba ya saɓawa: duk wanda ya zo neman wuƙar kansa, sai ya miƙa masa curin yumɓu ya ce ya damƙa. Da shatin yatsun nan yake sassaƙa ƙotar.

Amma je ka ɗakin girkinmu ka sha mamaki. Wuƙar Inna tsumma ne a naɗe a gindinta tun ina yarinya. In na yi tsegumi sai ta ce, "Ke Auta, ni na kai miki ƙara?"

Da sanyin ƙashi ya kama ta, yatsunta suka kumbura suka karkace. Ranar da wuƙar ta suɓuce ta yanke ta a tafin hannu, Yaya, babban wanmu, ya yanke hukunci: Inna ta bar yanke-yanke, matarsa za ta riƙa yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta ciyar da mu duka da wuƙar nan, a ce ta zauna a tabarma tana kallon wata na yanka mata albasa? Tun daga ranar, Inna abinci ma ta rage ci.

Baba ya ce a ba shi dama. In ƙota ta zauna mata a hannu, Yaya ya janye maganarsa. Yaya ya yarda.

Na bi Baba rumfarsa, na ga ya zaɓi ruwan wuƙa mafi sauƙin nauyi. Na ɗauko masa yumɓu, ya ture.

"Hannun uwarki zan auna? Hannun da na sani tun ba a haifi yayanki ba?"

"Baba, ka dai auna."

"Ke dai zuba ido."

Ya goge ƙarfen nan har yana ɗaukar ido. Ya sassaƙa ƙota siririya, ya fitar mata da shatin yatsu da ka, ya kafa ƙusoshi, ya bi ta da samfefa, ya shafa mata mai. Ban taɓa ganin aikinsa mai kyau irin wannan ba.

Muna tsakar gida, Yaya na tsaye, Baba ya miƙa mata wuƙar yana murmushi. Inna ta karɓa, ta yi ƙoƙarin damƙewa. Yatsun suka tsaya a rabin hanya. Wuƙar ta yi lilo a tafinta, ta faɗi kan tabarma.

Baba ya tsaya yana kallon hannun kamar yau ya fara ganinsa. Tausayinsa ya kama ni fiye da nata.

Inna ce ta fara dariya. "Malam, wannan ai hannun amarya ka yi wa. Ta daɗe da barin gidan nan." Sai ta juyo gare ni. "Auta, kawo yumɓun nan nasa."

Baba ya durƙusa a gabanta, ya sa mata curin a tafi, ya haɗa hannayensa biyu a kan nata yana matsawa a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Da zafi?"

"Matsa dai, ba ƙwai ba ne."

Ƙotar da ta fito mummuna ce, ba zan ɓoye ba: ƙatuwa, a karkace, ga wani tudu inda babban yatsa zai kwanta. Inna ta damƙe ta, ta jawo kabewa ta raba biyu, ta yi mata gunduwa-gunduwa ba ta ɗaga kai ba. Sannan ta dubi Yaya. Ya sosa ƙeya ya ce shi dama rigakafi yake yi.

Ina tattara ɓawo, Inna ta turo mini wuƙar farkon, mai siririyar ƙota, da ƙafa. "Ɗauke wannan kada ta yanki wani."

Na ɗauka. Yatsuna suka faɗa cikin shatin ɗaya bayan ɗaya, ba ragi ba ƙari. Baba ya dubi hannuna, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga Inna.

"Kin gani? Ban manta hannun amaryata ba."