Rigar Jikar Tela

"Sake shinshinawa," in ji Tela, yana miƙo 'yar rigar ta taga.

Mai guga ya ajiye dutsen guga, ya kai rigar hanci, ya girgiza kai. "Da saura, mutumina. Wannan ko mai mura ya ji ta."

Tela ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shekara da shekaru shagunansu na jingine da juna, kuma duk kayan da suka fito daga keken Tela, Mai guga kan gane su ido rufe, don mutumin ba ya ɗinki sai da karan sigari a gefen baki. Yanzu huhu ya gaji, likita ya faɗi abin da zai faɗa. Ba wannan ne ya dami Tela ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne 'yarsa ta haihu, ta ce ba za ta ɗora masa jaririyar a cinya ba muddin yana warin taba, domin yarinyar ta zo da raunin ƙirji. Daga bakin ƙofa take ɗago masa ita.

Shi ya sa ya sayi sigarin lantarki, mai caji kamar waya. Mai guga kuwa ya samu abin tsokana.

"Tsofai-tsofai da kai kana fesa mana ƙamshin alewa!"

"Ƙyale ni, bakina nake yaudara."

A hankali ya rage zuƙa, har ya jefa abin a kwandon ƙyalle, ya koma taunar gindin fensir. Ya sha wuya, ya yi faɗa da kowa har da zare. Sai dai shi ya bar taba, shagon bai bari ba: ta kama bango, ta kama labule, ta kama kowane yadi.

"Fito da keken nan," in ji Mai guga. Su biyu suka ja shi zuwa rumfar guga, suna nishi suna zargin juna da ragwanci. Aka sayo sabon yadi. A nan Tela ya ɗinka wata rigar, yana taka keke yana hutawa. Da Mai guga ya shinshina, sai ya ce, "Aika a kira 'yarka."

'Yar ta zo, ta sunkuya ba kunya ta shinshina wuyan rigar ubanta. Sannan ta sa wa jaririyar rigar, ta ɗora masa ita.

"Ga ta nan, Baba."

Tela ya riƙe ta a cinya. Can ya ce, "Ashe nauyi gare ta."

Bai jima ba bayan haka ya rasu, da hantsi, a kan gadonsa. Mai guga ya yi kuka bai ɓoye ba, amma zuciyarsa ta yi sanyi, don ya san abokinsa ya samu abin da yake so.

Wata rana 'yar ta kawo rigar guga. Mai guga ya juya cikinta, sai ya tsaya. Tela, wanda bai taɓa yafe wa kowa ko taƙi ɗaya na yadi ba, ya naɗe kalmasa ninki kan ninki.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau. In ta yi tsawo, ki warware nan."

Ya yayyafa ruwa, ya bi kalmasar da dutsen guga a hankali.