Tekun Malam Serafim

"Moldova ƙasa ce ta teku," in ji Malam Serafim Rusnac, yana gyara hularsa a kujerar gaba ta ƙaramar bas. "Wanda ya ce ba haka ba, bai iya karanta taswira ba."

Shekara talatin da takwas ya yi yana koyar da labarin ƙasa a makarantar ƙauyensu da ke kusa da Nisporeni, kuma hujjarsa ba ta taɓa canzawa ba. A can ƙarshen kudu, a Giurgiulești, ƙasar ta taɓa kogin Danube da 'yan ɗaruruwan taku. Jirage suna shigowa nan daga teku. To me ya rage?

"Gishiri, Malam," in ji direba. Fasinjoji suka kwashe da dariya.

Matarsa Frosia ba ta yi dariya ba. Tun suna amarci ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga teku. Watan jiya likita ya ce idanunta ba za su kai lokacin tsinkar inabi ba. Sai Malam ya ce to lokaci ya yi, amma tekun gida za su gani, ba na aro ba.

Ta jingina kanta da taga. Tuddai suna wucewa kamar a cikin hayaƙi, kore, sai rawaya, sai kore kuma. Wani farin abu ya tashi daga kan turken lantarki, ta ce a ranta shamuwa ce. Malam yana ta lissafo mata dauloli: Turkawa sun bi nan, Rashawa sun bi nan, an yanke mana bakin teku da alƙalami.

"Tsoho, ci burodin cukunka," ta ce. "Ka bar Turkawa su huta."

Da azahar suka isa Giurgiulești. Shinge ne, da rumbunan hatsi, da manyan motoci a jere. Malam ya riƙe gwiwar hannunta ya kai ta wani ɗan tudu. A ƙasa ruwa ne ja-ja-ja, yana tafiya a hankali, ga itatuwan ɗaya gaɓar nan ɓaro-ɓaro. Ya cire hularsa, ya ƙura wa itatuwan ido.

Frosia ta ɗaga fuska. Haske kawai take gani, shimfiɗe, yana rawa. Ta shaƙi warin laka, irin na rafin bayan gidansu. Wani kwaɗo ya yi kuka. Ta ji yatsunsa sun saki gwiwar hannunta.

"Frosia..." ya fara.

"Kai, tsoho," ta ce, "ashe haka yake da girma? Ban ga ƙarshensa ba."

Ya yi gyaran murya, kuzarinsa ya dawo. "To ba na faɗa miki ba?" Ya shiga bayanin zurfin ruwa da nauyin jirage.

Ta sa hannu a jaka, ta lalubo sabon fasfon da ta yi a ɓoye don su ƙetara gadar kan iyaka zuwa Constanța, birnin maƙwabciyar ƙasa da ke bakin teku na gaske. Ta tura shi can ƙasa, ƙarƙashin tawul, ta ja zip.

"Bas ɗin komawa ƙarfe nawa ne?" ta tambaya.