Ƙahon da Ba a Ɗora wa Zuwaira Ba

Shekara talatin Ɗanƙarami yana wanzanci a Birni, cikin Damagaram. Ba lungun da bai shiga da zabirarsa ba, ya yi aski, ya yi ƙaho, ya ja mataccen jini daga gadon bayan manya. Sai ga 'yarsa Zuwaira, mai ɗinki, ta kwanta. Idonta ya yi fari fat, dasashinta na zubar jini ko goro ta gatsa.

A asibiti lokotoro ya zaunar da shi, ya yi masa bayani a hankali. Ya ce a cikin ɓargo ake ƙera jini. Akwai wasu sunadarai da ke zama kan abin da mutum ya gada, su buɗe nan su rufe can, su ce wa wannan ƙwaya ki zama ja, waccan ki zama fara mai yaƙi da cuta, wata kuma ki zama mai tsayar da jini. A jikin Zuwaira umarnin ya lalace. Ƙwayoyin na fitowa ɗanye suna cika wuri, ba mai nuna. Ya gargaɗe shi cewa ko tsaga ɗaya aka yi mata, jinin ba lalle ya tsaya ba. Ɗanƙarami sai da ya roƙi a maimaita masa sau biyu.

Washegari da hantsi yayansa Garba, wanda ya koya masa riƙe aska, ya iso gidan daga garin Gouna. Ya duba Zuwaira, ya ce jini ne ya ɓaci, a ja shi a huta. Ya ce abin kunya ne a ji 'yar gidan wanzamai na kwance an rasa mai taɓa ta. Har ya shimfiɗa tabarma ya jera ƙahonni.

Ɗanƙarami ya tsaya a bakin ɗakin.

"Yaya, ba za a tsaga ta ba."

"Kai da na koya wa sana'a? Takardar lokotoro ta fi hannun ubanmu?"

"Hannun Baba jini yake cirewa. Ita wanda za a cire ne babu."

Garba ya ce in haka ne, kada ya ƙara kiransa yaya, kuma duk wanzaman Damagaram za su ji labari. Ɗanƙarami ya ce su ji. Bai matsa daga ƙofar ba har Garba ya tattara kayansa ya fita ba sallama.

Daga ciki Zuwaira ta tambaya ko Baffa ya tafi. Ya ce ya tafi, ta ɗauko mayafinta, yau ne ranar da za a yi mata ƙarin jini a asibiti.