Kan Sarki Karo na Biyar

Inuwa da Tijjani teloli ne a Abakpa. Shagonsu ɗaya, keken ɗinkinsu ɗaya, kuma ƙauye ɗaya suka fito, can bayan Malumfashi. Duk Babbar Sallah ɗaya ke tafiya gida, ɗaya ya tsaya ya ƙarasa ɗinkin mutane, don ma'aikatan Kaduna ba su san uzuri ba. Mutum sai ya kawo yadi ranar jajibere, ya ce da shi zai je idi.

Don kada zumunci ya ɓaci, tun shekarar farko suka rantse cewa sule ne zai riƙa raba musu gardama. A cilla shi sama, abin da ya nuna shi ke nan. Gefe ɗaya kan Sarkin Ingila, ɗaya gefen bishiyar kwakwa. Tijjani, da yake shi ne babba, ya ɗauki kai. Inuwa ya ɗauki bishiya.

Shekara huɗu a jere kan Sarkin nan ke fitowa, kamar da gayya. Shekara huɗu Inuwa na raka Tijjani tasha, ya ba shi tsaraba ya kai wa Indo, mahaifiyar shi Inuwa, ya dawo ya zauna da keke. Bana kuwa wani mai fataucin albasa ya kawo saƙon baki cewa yanar ido ta fara rufe wa Indo gani, kuma ta ce tana so ta ga autanta Inuwa tun tana iya gani.

Inuwa bai damu ba ko kaɗan. A ganinsa sule ya gaji da kai, bana dole bishiya. Har ya faɗa wa Malam Maliki, wani akawu da ya zo gwajin riga.

"Ranka ya daɗe, kai biyar a jere ai ba ya yiwuwa."

Malam Maliki ya ce, "Da tun farko ka tambaye ni, sai in ce da wuya, ɗaya ne cikin talatin da biyu. Amma huɗun sun riga sun wuce, Malam Inuwa. Sule bai san bara ba. Jifan bana rabi da rabi ne."

Cikin duk wannan bayani, talatin da biyun kawai ya shiga kunnen Inuwa. Har ya yi godiya, wai boko ma ya goyi bayansa.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, Tijjani ya ajiye almakashi ya ce, "Bana ba jifa. Ɗauki kayanka ka tahi, Inna na jiranka."

Ai da ya ce to, da magana ta ƙare. Amma Inuwa mutum ne mai shegen taurin kai, ga gudun a ce tausayinsa aka ji. Shekara huɗu yana shan kaye, yana so ya ga bishiyar nan da idonsa, ya shiga mota da haƙƙinsa.

"Haba Yaya, ba mu rantse ba? Jefa kawai. Bana tawa ce."

Tijjani ya daɗe yana juya sulen a hannu, sannan ya cilla. Ya faɗo kan tabarma, ya ɗan yi rawa, ya kwanta. Kan Sarki.

Tijjani ya yi wuf ya taka shi. "Ban gani ba. A sake."

"Ni na gani, Allah ma ya gani."

"Rantsuwa ai tana da kaffara, Inuwa."

Inuwa ya hau keke ya shiga ɗinki, bai ƙara ɗaga kai ba. Kunya ce ta riƙe shi, ta bakin da ya cika.

Ranar Sallah, da aka sauko daga idi, Abakpa ta yi masa faɗi. Ƙanshin suyar nama na fitowa daga gidajen da ba wanda zai ce masa bismilla. Ya buɗe shago ya zauna cikin ƙyallaye, yana ta kewar gida. Ya ɗauko sule ya cilla. Bishiya. Ya sake, bishiya. Ya sake, bishiya. Ya duba ƙofa ko akwai mai wucewa ya shaida, ba kowa sai akuyar maƙwabta.

Bayan Sallah Tijjani ya dawo da daddawa da soyayyen nama a ƙunshe. Ya yi ta labarin shuka da na wanda ya yi aure, yana kauce wa idon Inuwa.

"Yaya, Inna hwa?"

Tijjani ya sunkuyar da kai. "Lahiyarta lau, tana cin abinci. Idon ne dai ya tahi. Da na yi sallama na durƙusa, sai ta kama kaina tana shafa fuskata. Ta ce, Auta, ashe ka zo, har ka tara gemu."

"Me ka ce mata?"

"Na ce na zo, Inna."