Hannun Kawu Maharazu

Jin kunyar asali mugun ciwo ne, kuma shi ya kama Ummusalma, matar wani mai shagon atamfa a Jibiya. Ku ji yadda ya ƙare da ita.

Mahaifiyarta, Inna Zalika, mutuniyar Maraɗi ce, aure ya tsallako da ita. Da tsufa ya zo, yanar ido ta fara rufe mata gani, sai ta roƙi ɗiyarta abu guda: ta tattaro hotunan dangi a littafi ɗaya, ko ta ƙara kallon fuskar ƙanenta Maharazu kafin duhu ya gama shigowa. Shi Maharazu ɗan dako ne a bakin boda, da gammo a ka ya yi rayuwarsa har Allah Ya karɓi abinSa.

Ummusalma ta amsa da sauri, don tana da tata manufa. Dangin mijin da 'yarta za ta aura suna nan tafe daga Katsina, tana son abin nuna musu. Ta aika Maraɗi. Asma'u, ɗiyar marigayin, ta ƙunshe hotunan ubanta a ɗankwali ta ba direba, da saƙon cewa aro ne, ba su da waɗansu.

Kullum bayan azahar sai Ummusalma ta shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi, ga kwali, ga almakashi, ga gam, ga ƙyallayen ankon bukukuwan da suka wuce. Kowane hoto sai ta kewaye shi da ƙyallen ankon ranar, ta liƙa busasshen ganyen lalle ko ɗan zaren kaba a gefe. Gurnanin manyan motoci na zuwa daga hanyar Magama kamar ruwa na gudu a nesa. Ƙamshin tsohuwar adaka na tashi daga ƙyallayen, idonta ya yi nauyi, sai ta ga kamar mutanen cikin hoton suna gyara tsayuwa, matattu da rayayyu, wannan na ɗaure kallabi, wancan na danne dariya. Har guɗa takan ji sama-sama.

Amma duk hoton da ta ɗauka, ga Kawu Maharazu nan a ciki da yagaggiyar riga da silifas. Ta tuno matan Katsina da mayafansu. Ta ɗauki almakashi.

Yankan bai zo mata da sauƙi ba, don mutumin bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Nan ya dafa kafaɗar yayarsa, can ya riƙe ragon suna, can kuma ya tallabo jaririya, wadda ita ce Ummusalmar. Ta cire kai, ta cire jiki, amma hannun ya ƙi fita sai an yanki wanda ya riƙa. Ta bar shi, ta rufe gurbin da ƙyalle mai fure. Guntayen kuwa ta share ta hura wuta da su.

Ranar da Asma'u ta tsallako ganin littafin, aka zauna a ɗakin Inna. Tsohuwa ta matso bakin ƙofa wajen haske, ta kawo shafin dab da hancinta.

"Kai, ya yi kyau! Wannan ankon bikin Khadijatu ne, ko? Wanda ya zuba tun wankin farko, muka koma kamar an tsoma mu a baban rini."

Asma'u ta yi dariya. "Shi ne, Gwaggo. Ke kika zaɓo shi kuwa."

"Rufa mini baki, ja'ira. Buɗo mini ubanki."

Aka buɗa, aka buɗa. Dariyar Asma'u ta ɗauke. Inna ta bi hoton da yatsa har ta tsaya kan wani hannu a kafaɗarta, hannu mai lanƙwasasshen ɗan yatsa, wanda buhu ya taɓa karyawa.

"Ga hannunsa. Ina sauransa?"

"Inna, wurin ne ya yi kaɗan," in ji Ummusalma.

"Wurin ya ishi fure, bai ishi ƙanena ba? Da wannan hannun ya kai ki asibiti kina sanƙarewa. Kawo mini abin da kika yanke, ko a tafin hannu in gan shi."

Ummusalma ta dubi murhu ta ƙofar ɗaki. Nan suka gane inda guntayen suka tafi.

Asma'u ta ɓanɓare hotunanta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙunshe su a ɗankwalin da suka zo ciki, ta durƙusa ta yi wa gwaggonta sallama, ta fita ba ta sha ko ruwa ba.

To, ga abin da Ummusalma ta rasa. Littafin ya koma kwali da ƙyallaye, ba ta nuna wa kowa ba. Mutanen Maraɗi ba wanda ya ɗinka ankon 'yarta, kuma in sun tsallako, ta ƙofar gidanta suke wucewa. Adakar Inna, wadda Ummusalma take sa ran za ta gada, aka ɗora wa direba ya kai wa Asma'u. Idon Inna ya rufe kafin kaka ba ta ga ƙanenta ba. Ita kanta Ummusalma, in ta zauna a inuwar bedi ta lumshe ido tana neman fuskar kawunta, hannun kaɗai ke zuwa.